Tambaya: an ce lokacin mahaukaciyar guguwa ya kama tun 1 ga Yuni, to me ya sa babu guguwa amma kullum gargaɗin iska da igiyar ruwa?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masu ilimin yanayi ku ɗan warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Ƙanena yana aiki a jirgin dakon kaya da ke zirga-zirga tsakanin Panama da tsibiran Karibiyan, shi ya sa na fara leƙa rahoton cibiyar nan ta Amurka da ke Miyami mai sa ido kan guguwar teku. To an ce daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba shi ne lokacin guguwa a tekun Atlantika, ni kuma na ɗauka da watan ya kama shikenan sai ta Allah, amma kullum na buɗe taswirar sai in ga an rubuta ba a sa ran wata guguwa ta haɗu nan da kwana 7, a ƙasa kuma sai ga dogon bayani wai iska mai ƙarfi a gaɓar Kolombiya, igiyar ruwa ƙafa 8 zuwa 10, ga wasu layuka da suke cewa sun taso daga Afirka suna tafiya yamma. Ni dai abin ya rikita ni, in babu guguwa me ke ta da tekun haka? Kuma watan Yuni da Yuli ɗin nan hankali kwance ne ko kuwa dai? A yi min bayani yadda zan gane, ni ba ɗan kimiyya ba ne.

Malama_Jogirafi ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ranar 1 ga Yuni ɗin nan mutane ne suka sa ta don tsarin aiki, teku ba ta san da ita ba. Abin da aka yi shi ne an duba tarihin shekaru masu yawa aka ga kusan duk guguwowin suna faɗowa tsakanin waɗannan watanni shida, amma ainihin tsakiyar abin wajen 10 ga Satumba ne, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba nan ne ake shan wuya. Yuni gefen tabarma ne kawai.

Kafin guguwa irin wannan ta haɗu sai abubuwa da dama sun yi daidai lokaci guda. Ruwan teku ya yi ɗumi aƙalla digiri 26.5, kuma ba fatar sama kaɗai ba, ɗumin ya nutsa kamar mita 50, don ita guguwar tana dama ruwan ne tana tono na ƙasa, in na ƙasan mai sanyi ne ta kashe kanta da kanta. Sannan iskar da ke sama ta kasance da danshi. Sannan iskar ƙasa da ta can sama su yarda da juna, wato kar ta ƙasa tana gabas ta sama tana fizga yamma da ƙarfi. Wannan na ƙarshen shi ne yake karya yawancinsu a Yuni, ka ɗauka katantanwa ce tana juyi wani ya riƙa dungurar kanta, ai ba za ta tsaya ba, haka ginshiƙin hadarin yake karkacewa kansa ya rabu da gindinsa ya watse.

Sai kuma ƙurar Sahara, wadda ni a ganina ita ce babbar mai gadin Yuni da Yuli. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai wani ƙaton bargo na busasshiyar iska mai zafi da ƙura ya fita daga hamada ya hau kan Atlantika, gindinsa yana kamar kilomita 1.5 daga saman ruwa, kaurinsa ya kai kilomita 3 zuwa 4, kuma danshin da ke cikinsa kusan rabin na iskar teku ne ta yau da kullum. Hadari in ya taso ya shaƙi wannan iskar sai ya bushe ya faɗo, ga shi zafin bargon yana danne iskar ƙasa ba ya barinta ta hau, ga shi kuma yana tafe da tasa iskar mai gudu wadda ke ƙara wancan saɓanin da na faɗa. A Yunin 2020 wadda ta fita ta yi kauri har sai da sararin Puerto Rico ya koma ruwan ƙasa, mutane suna ɗaukar hoto rana ta zama kamar faranti, ta wuce har kudancin ƙasar Amurka.

Layukan da ka gani kuwa su ne 'ya'yan guguwar. Tarin hadari ne da ke tasowa tun daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratso yankin Sahel suna zubar da ruwa, su faɗa teku ta wajen Senegal da Gini. Abin da ke haifar da su bambancin zafin hamada ne da sanyin da ke kudu wajen tekun Gini, wannan bambancin yake kafa wata iska mai gudu daga gabas a tsayin kamar kilomita 3, ita kuma tana lanƙwasa tana haifo su ɗaya bayan ɗaya. Wajen 60 ake samu a shekara, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga cikinsu suke fitowa, amma a Yuni yawancinsu wucewa kawai suke, su ba tsibirai ruwan kwana ɗaya da tsawa su yi gaba. Wasu ma sai sun tsallake Amurka ta Tsakiya sun faɗa Fasifik sannan su yi kai, can lokacinsu tun 15 ga Mayu yake farawa.

Tsohon_Matuƙi ya amsa:

Malama ta gama da sama, bari ni in sauko kan ruwan tunda nan ne ƙanen naka yake. Ɗana, abin da ke ta da teku a hanyar da yake bi ba shi da alaƙa da guguwa ko kaɗan, iskar gabas ce ta kullum, ita ce dai wadda ta riƙa tura jiragen filafilai daga Turai da Afirka zuwa can tun zamanin da. A tsakiyar Atlantika ta arewa akwai wani ƙaton wuri mai nauyin iska tsakanin Bermuda da tsibiran Azores, da bazara yake ƙara ƙarfi ya miƙe yamma, a kan ƙasar Kolombiya kuma zafi yana sa nauyin iskar ya yi ƙasa, to iska daga mai nauyi take gudu zuwa mara nauyi, in tazarar ta matse sai ta yi gudu sosai. Wurin da ta fi matsewa shi ne kudancin Karibiyan daidai gaban biranen Barranquilla da Santa Marta na Kolombiya, ga dogon dutsen nan na Santa Marta da ya tsaya a bakin ruwa yana ƙara matse ta. Watan Yuli take kai ƙololuwar ƙarfinta, sai kuma wajen Fabrairu, kuma da dare ta fi tashi, da rana ta ɗan lafa, shi ya sa za ka ga rahoton yana cewa za ta riƙa bugawa dare-dare. Haka ma mashigin Honduras yake yi da yamma zuwa dare.

Lambobin nan ka iya karanta su. Gudun iska a teku da not ake aunawa, not 1 kilomita 1.852 ne a awa, kai dai ka ninka biyu ka rage kaɗan. Daga 17 zuwa 21 teku ta fara farin kai ko'ina, 22 zuwa 27 igiya ta girma feshi yana hawa jirgi, 28 zuwa 33 tafiya a kan bene sai da riƙo, daga 34 kuma sai a fitar da gargaɗi na musamman. Gaban Kolombiya 25 zuwa 30 ba labari ba ne a Yuli. Kuma kar ka ga daga 15 zuwa 30 ka ce ninki biyu ne, ƙarfin bugun ninki huɗu ne.

Maganar ƙafa 8 zuwa 10 nan ne mutane suke ruɗuwa. Ba tsayin igiya mafi girma suke ba ka ba, suna ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi ne su fitar da matsakaicinsu, saboda haka in an ce ƙafa 10 to ka sa a ranka cikin 'yan awoyi wata guda za ta zo da ta kusa ninka wannan, ita ce take samun mutum ya saki ƙarfe yana gyara igiyar ɗaure kaya. Sannan tsayi kaɗai ba ya ba ka labari, sai ka duba daƙiƙa nawa ne tsakanin igiya da igiya. Ƙafa 8 duk daƙiƙa 14 jirgi hawa yake a hankali ya sauka a hankali har barci za ka yi, ƙafa 8 duk daƙiƙa 6 ko 7 kuwa duka ne, gaban jirgi bai gama fita daga wannan ba waccan ta mare shi, kwanuka suna zubowa a kicin, sabon shiga yana rungume da bokiti. Ta Karibiyan irin ta biyun ce saboda iskar tana kanta tana kaɗa ta, kuma ta samu fili tun daga ƙananan tsibiran gabas har Panama ba abin da ya tare ta. Jirgin da ya fito daga tashar Colón ta Panama zai yi gabas shi ne mai shan ta a fuska, mai dawowa yamma tana bayansa tana tura shi.

Amma fa babban jirgin kaya wannan ba komai ba ne a wurinsa, sai dai a rage gudu a ƙara ɗaure kwantena. Masu ƙananan kwale-kwalen kamun kifi da jiragen shaƙatawa su ne abin tausayi. Ka kwantar da hankalinka.

Dan_Taswira ya amsa:

Baba Matuƙi Allah ya ƙara girma, bayaninka ya yi, amma wannan kwantar da hankalin ni ban sa hannu ba gaskiya, Malama ke ma kin ɗan sassauta wa Yuni da yawa. Ina kuka bar Beryl? Shekarar 2024 fa, ba tarihin kakanni ba. Ta haɗu 28 ga Yuni can tsakiyar Atlantika inda ake cewa ai ƙura da saɓanin iska ba sa bari a wannan lokacin, cikin ƙasa da kwana biyu ta zama babbar guguwa, 30 ga Yuni tana mataki na 4 cikin matakai 5 da ake auna ƙarfin guguwa da su, ranar 1 ga Yuli ta hau tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada ta kwashe rufin kusan duk gidajen, daren nan ta kai mataki na 5, wato iska sama da kilomita 252 a awa, ba a taɓa ganin mataki na 5 da wuri haka a Atlantika ba, ta riga Emily ta 2005 da kimanin mako biyu. Ta goga kudancin Jamaika, ta taka yankin Yucatán na Meziko, ta je ta sauka Texas 8 ga Yuli. Me ya jawo? Ruwan ne ya yi ɗumin Satumba tun a Yuni, ta samu 'yar kafa tsakanin bargon ƙura biyu ta bi ta kudu ta wuce abinta.

Kuma ko a bar Beryl, guguwar farkon lokaci tana da wani mugun hali, ba daga nesa take tahowa ba. Ta Satumba tun tana wajen tsibiran Cape Verde da ke gaban Senegal ake kallonta a tauraron ɗan'adam, a yi mako guda ana lissafi ana shiri, ta Yuni kuwa a bakin ƙofa take haihuwa, tekun Meziko ko yammacin Karibiyan ko gefen Filorida, saboda nan ne ruwa yake riga yin ɗumi, kafin ka ce kwabo ta iso. Wani lokacin ragowar sanyin da ya gangaro daga arewa ne yake makalewa a kan ruwan ɗumi ya rikiɗe, wani lokacin kuma wani ƙaton juyi ne da ke kafuwa a kan Amurka ta Tsakiya a Mayu da Yuni yana jawo danshi daga tekuna biyu. A 2020 wannan juyin ya haifi Amanda a Fasifik ta shiga Guatemala ta yi ɓarna a El Salvador, ragowarta ta tsallaka ta sake haɗuwa a tekun Meziko aka sa mata Cristobal.

Sannan a daina kallon iska kaɗai. Allison ta Yunin 2001 ko matakin hariken ba ta kai ba, ba ta taɓa yin not 64 ɗin da ake buƙata ba, amma ta zo ta yi zaune a kan Texas tana juyi, wasu wuraren ruwan da ya sauka ya kai milimita 1,000, birnin Houston ya nutse har asibitoci, sai da aka cire sunanta daga jerin sunaye gaba ɗaya. Audrey kuma 27 ga Yunin 1957 ta hau kudu maso yammacin Louisiana ta kashe sama da mutum 400, yawancinsu ruwan teku ne da ta turo kan tudu ya ci su. To wannan ne watan hankali kwance?

Malama_Jogirafi ta amsa:

Malam Dan_Taswira ai ban ce ba ta faruwa ba, cewa na yi ba ita ce ƙa'ida ba, kuma kai ma da ka tashi kawo misali sai da ka yi tsalle daga 1957 zuwa 2001 zuwa 2024, wannan kaɗai ya isa amsa. A matsakaicin 1991 zuwa 2020 ana samun guguwa 14 masu suna a shekara, 7 su zama hariken, 3 su zama manya, kuma hariken ta farko yawanci sai Agusta. Inda na yarda da kai shi ne farkon yana matsowa, daga 2015 zuwa 2021 shekara bakwai a jere ana samun mai suna tun kafin 1 ga Yuni, har cibiyar ta Miyami ta dawo da fara rahotonta na kullum zuwa 15 ga Mayu tun 2021. Kuma shekara ba ɗaya take da shekara ba, in El Niño ta kama a Fasifik, wato ruwan can ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, saɓanin iska yana ƙaruwa a kan Karibiyan ya danne su, in La Niña ce, wato ruwan ya yi sanyi, ƙofa a buɗe take, 2020 da aka yi 30 masu suna har sunaye suka ƙare aka koma haruffan Girka ai La Niña ce ta shigo.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na buɗe rahoton ina karantawa ina ganewa, dama daƙiƙun nan ina ganinsu ban san amfaninsu ba. Saura abu biyu. Tunda daga Afirka suke tasowa me ya sa ba sa juyowa su bugi gaɓar Afirka ta yamma? Sannan wannan zanen mai kama da mazurari da suke sawa in guguwa ta samu, in jirgi yana wajensa ya tsira ke nan?

Tsohon_Matuƙi ya amsa:

Na farkon mai sauƙi ne, iskar da ke ɗauke da su yamma take tafiya, suna barin gaɓa suna jarirai, sai sun yi nisa a kan ruwan ɗumi suke girma. Gaɓar tekun Gini kuma ta yi kusa da ikwaita, juyin duniya da ke murɗa iska ya sa ta kewaya ba shi da ƙarfi sai ka yi nisan kamar digiri 5 wato wajen kilomita 500, ga shi ruwan wajen yana yin sanyi daga Yuli zuwa Satumba don na ƙasa yana tasowa. Cape Verde ce takan ɗan taɓa, Fred ta ratsa tsibiran a ƙarshen Agustan 2015 tana hariken, rabon da a ga haka tun 1892.

Na biyun kuwa a'a, kar ma ka fara. Mazurarin hanyar da ake zaton idon guguwar zai bi ne kawai, kuma an zana faɗinsa ne daga kuskuren hasashen shekarun baya yadda idon zai zauna ciki kamar sau biyu cikin uku, ka ga sau ɗaya cikin uku yana fita ke nan. Bai ce komai ba a kan faɗin iskar, balle igiya. Igiyar da guguwa ta tayar tana gudu ta riga ta isa da kwana biyu ko uku, sama garau rana tana haske sai ka ji jirgi ya fara wani dogon lilo a hankali daga wata kusurwa da ba ta iskar ranar ba, ka ƙirga ka samu daƙiƙa 14 ko 16, tun kafin a ƙirƙiro tauraron ɗan'adam da wannan matuƙa suke gane akwai abu a bayan gari, su haɗa da agogon nauyin iska in ya fara sauka. Ita ce kuma take zuwa bakin gaɓa ta ja masu wanka ciki a garin da ko digon ruwa bai gani ba.

Kuma ɓangarorinta biyu ba ɗaya ba ne. A arewacin ikwaita juyinta saɓanin hannun agogo ne, saboda haka in ka tsaya kana kallon inda ta dosa, hannun damanta gudun juyi da gudun tafiya haɗuwa suke, iskar ta fi ƙarfi igiya ta fi tsayi kuma tana tura jirgi gaban hanyarta, hagu ya fi dama-dama. In kana so ka san inda take ka juya wa iska baya, cibiyar tana hannun hagunka ta ɗan yi gaba. Kyaftin ɗinsu ya san duk wannan, rahoto yana shigo masa duk awa 6, kuma jirgin kaya mai yin not 14 ko 15 in ya motsa da wuri yana iya kauce mata, wanda ke shiga uku shi ne wanda ya tsaya jiran tabbas ko injinsa ya mutu.

Dan_Taswira ya amsa:

Baba wannan na yarda. Malam mai tambaya in kana bin taswirar ka riƙa duba kalar alamar, ruwan ɗorawa yiwuwar haɗuwa ƙasa da kashi 40, ruwan lemo 40 zuwa 60, ja sama da 60, kuma sau huɗu suke sabuntawa a yini, ta safe tana iya canzawa kafin dare. Ka tambayi ƙanen naka ko gabas suke yi wannan makon ko yamma, daga nan za ka san ko yana samun barci.